Ramin Ɓawon Bi Kazija

Mahaifiyata ba ta iya faɗin rabin magana ba. Ciwonta ke nan, mu 'ya'yanta kuma mu muka sha jinyarsa. Ranar da dangin Simai suka zo neman aurena, gwaggonsa ta shigo wajen mata, aka kawo mata shayi mai kanumfari, sai ta tambaya don cika al'ada ko yarinya tana da wani hali da ya kamata su sani. Kowace uwa a garinmu, Pwani Ndogo, ta san amsar wannan tambaya. Mama ta ajiye kofinta ta ce, "Semeni ta iya girki, ba ta taɓa kayan mutane, ba ta yawon gidaje. Amma tana da nauyin barci, kuma in ranta ya ɓaci bakinta ba shi da linzami." Ina bayan labule ina addu'a ƙasa ta tsage in shige. An dai yi auren. Shekara goma sha tara ke nan, kuma har yau in na makara da safe Simai sai ya ce ai an gaya masa tun farko.

Sunanta Kazija Vuai, mutanen gari suna ce mata Bi Kazija, in za a girmama ta a ce Bi Mkubwa, wato babbar uwa. A nan gabashin tsibirin Unguja aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta binne babanmu ina 'yar shekara tara. Mu biyar ta riƙe, da igiyar kwakwa. Da aka kawo noman ciyawar teku ta shiga, ta yi shekaru tana tsugune cikin ruwan gishiri har idanunta suka fara hazo, amma ko a lokacin ba ta bar raminta ba.

Ramin yana can cikin teku, kamar taku ɗari biyu daga inda ruwa ke tsayawa in ya cika. Sai ruwa ya janye ake ganin tulin duwatsun da ke kansa, shi da sauran, arba'in da uku idan an haɗa duka. Ƙarƙashin kowane tuli ake binne ɓawon busasshiyar kwakwa, a bar shi wata shida ruwa yana hawa yana sauka a kansa, har ya ruɓe ya yi baƙi ya riƙa wari. Sannan a tono, a ɗora a kan gungume a yi ta dukansa da kulki sai zaren ya fita, a wanke, a shanya, a tufka a cinya. Da wannan igiya ake saƙa gado, da ita ake ɗaure jinka, da ita masunta ke ɗaure kwale-kwale kafin igiyar roba ta cika kantuna. Baƙo duwatsu kawai yake gani, mu kuwa mun san na wance da na wance. Na Mama yana da wani faffaɗan dutse mai huda a tsakiya, kakata Bibi Mwatima ce ta ɗora shi da hannunta.

Ni ban gaji sana'ar ba. Rabona da kulki tun ina shekara goma sha biyu. Da aka gina otal a kudancin gari na samu aiki a ɗakin wanki, yau shekara goma sha ɗaya ina wanke zannuwan gadon baƙi. Ba na jin kunyar faɗa. Da aikin nake sayen maganin idon Mama, da shi yarana biyu suka gama sakandare.

Tun zuwan otal garinmu ya rabu biyu, kuma a dakalin gahawa ake buga rigimar kullum da la'asar. Mwalimu Jecha, tsohon malamin firamare, shi ne shugaban masu cewa baƙi sun cinye tsibirin. Faki mai tasi shi ne na masu cewa ba don baƙi ba da yanzu yashi muke ci. Idan Mama ta zo wucewa da damin igiya a ka, kowa sai ya ja ta shaida.

"Bi Kazija, don Allah gaya wa wannan yaron, rijiyar masallaci ba ta yi zartsi ba tun da 'yan otal suka haƙa tasu?"

"Ta yi, Mwalimu. Shayi ma ba ya daɗi da ita."

"To ka ji!"

"Amma kwanon asibiti su suka sauya. Kai ma da aka kwantar da kai bara, ruwan sama bai zuba a kanka ba."

Sai Faki ya tafa hannu. "Yawwa Bi Mkubwa! Faɗa masa!"

"Kai kuma rufe mini baki. Kifin da nake saya wa 'ya'yana da, yanzu sai dai in gan shi a bayan motarka ana kai wa otal. Masunta sun ji daɗi, tukunyata ba ta ji ba."

Haka za ta bar su duka biyun suna harararta, ta wuce abinta ko a jikinta. Na sha ce mata, Mama, ki zaɓi gefe ɗaya mana, ko ki yi shiru kamar sauran mutane. Sai ta ce ai tambayarta aka yi.

Rigimar gaske ta taso ne a kan wata baƙuwa. Tana cikin masu ɗaura ƙafa a katako wata ƙatuwar lema tana jan su a kan ruwa. Ruwa ya rufe duwatsu, ba ta gani ba, ta daki wani tuli ta karye a idon sawu. Ita ce ta uku a shekarar. Otal ya rubuta takarda yana neman izinin kwashe duwatsun da ke gabansa, wai kufai ne, ba mai amfani da su. Aka ce za a turo kwamiti daga birni ya saurari kowa.

Sheha Pandu, mai garinmu, ya tara mata a ƙarƙashin bishiyar mangwaron makaranta. Ni ma na je, daga wajen aiki, da rigar otal a jikina, ana ta kallona a kaikaice.

"Magana ɗaya za mu yi," in ji Sheha. "Ramuka arba'in da uku, duka ana aiki da su. Kowace mace a garin nan da igiya take ci. Kun ji ko?"

Mwalimu Jecha ya ƙara nasa gishirin. "A ce musu ma akwai waɗanda kakanni suka hana a taɓa. Mutanen birni suna tsoron irin wannan."

"Wa zai yi magana da yawun mata?" Sheha ya tambaya.

Aka ce Bi Kazija, ai ita ce babba a sana'ar, kuma kowa ya san ba ta ƙarya. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

"Bwana Sheha, ku sa wata. Ku sa Bi Tatu, ku sa ko wace ce. Ni na san uwata."

"Ji 'yar otal!" wata ta faɗa daga baya. "An aiko ta ta toshe bakin tsohuwa."

Aka yi mini caa. Na koma na zauna ina huci. Mama tana gefe tana tufka a cinyarta, ba ta ce za ta faɗi abin da suka tsara ba, ba ta ce ba za ta faɗa ba. Ba wanda ya tambaye ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "In an kira ni zan yi magana."

Washegari manajanmu, Bwana Renzo, ya aiko a kira ni. Mutumin Italiya ne, ya daɗe a nan, yana jin harshenmu ko da yake a karkace yake fita. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Ya ce ya ji mahaifiyata ce za ta yi magana, kuma ai otal abokin cinikinta ne, ko zan tuna mata cewa 'yan mata sun daina wannan aiki, abin ya riga ya mutu. Na ce masa, "Bwana, in ka iya sa Mama ta faɗi abin da kake so, ni zan ba ka aikina ka haɗa da naka." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Cinikin da yake nufi kuwa shi ne tushen abin da ya same mu. Wata uku kafin nan otal ya gina sabuwar rumfar cin abinci, suka so a naɗe ginshiƙanta da igiyar kwakwa don baƙi suna son kayan gargajiya. Mama ce suka ba aikin. Ta tone raminta kaf, ba ta bar ko ɓawo ɗaya ba, ta yi wata biyu tana duka tana tufka har fatar cinyarta ta saɓule. A ƙa'ida, ranar da aka tone rami ranar ake sake cika shi. Sai dai ɓawo ya yi wuya a garinmu. Rabin bishiyoyin bakin teku an sare an yi ɗakunan baƙi, waɗanda suka rage kuma ba a barin kwakwarsu ta ƙosa, tun tana ɗanya ake sauke ta a fasa wa baƙi su sha ruwan. Ɗanyar kwakwa ba ta da zaren kirki. Sai an shiga can cikin tsibiri ake samun busasshe, kuma surukaina suna da gonar kwakwa a can.

Sau uku Mama ta yi mini magana. "Semeni, ranar hutunki ki hau mota ki kawo mini ɓawo buhu biyu daga wajen su Simai." Na farko na ce ina da wankin gida. Na biyu aka yi biki. Na uku ban ma tuna abin da na ce ba. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma na manta.

Ranar sauraro kwamiti ya zo, mutum uku, shugabarsu wata mace mai gilashi, Bi Rukia. Aka jera kujerun 'yan makaranta. Lauyan otal ya fara, ya ce duwatsun tarkace ne na zamanin da, otal kuma ya ɗauki 'yan gari aiki ba adadi, ya kawo haske ya kawo ci gaba. Mwalimu Jecha ya tashi ya yi kusan awa guda. A bakinsa otal ne ya kashe ciyawar teku, otal ne ya kori kifi, otal ne ya sa yara ba sa gaida manya, saura kaɗan ya ce otal ne ya sa masa ciwon gwiwa. Faki ya ce duk hassada ce. Aka yi ta hayaniya, Bi Rukia tana matsa goshinta da yatsa.

Sannan aka kira Mama. Ta tafi a hankali, ta ƙi kujera, ta tsaya riƙe da sandarta.

"Shikamoo, Bi Mkubwa," in ji shugabar, irin gaisuwar da ake yi wa manya a nan. "An ce ke ce babba a wannan sana'a. Ramukan nan arba'in da uku, duka ana aiki da su?"

"Marahaba, 'yata. A'a."

Na ji Sheha ya ja numfashi. Na sunkuyar da kai.

"Ba su kai rabi ba. Masu wasu sun mutu, masu wasu sun tsufa, 'ya'yansu suna otal ko suna birni. Kuma ba wani kakan da ya hana a taɓa su, Mwalimu ya sani, ɓawon kwakwa ne ba kabari ba."

Lauyan otal ya fara murmushi yana rubutu. Mama ta juya ta kalle shi.

"Kai kuma ɗana, da ka ce tarkace ne, gadon da uwarka ta haife ka a kai da me aka saƙa shi? Akwai matan da ba su da miji, ba su da ɗa a otal, ramin nan ne abincinsu. Bi Tatu ga ta nan. Miza ga ta nan. Ka ce kun ɗauki 'yan gari aiki. Gaskiya ne, 'yata ma tana can, da kuɗin nake ganin gabana. Amma wanki suke yi da shara da yankan ciyawa. Masu zama a kan tebur daga wani wuri kuka kawo su."

Ba ta tsaya nan ba, ina ma ta tsaya. Ta ce ciyawar teku ba otal ya kashe ta ba, ruwa ne ya yi zafi, tun kafin a aza tubalin farko take ruɓewa a kan igiya. Ta ce sana'ar igiya ma ba baƙi suka karya ta ba, igiyar roba ce, kuma Mwalimu da kansa da ta roba ya ɗaure akuyarsa. Ta ce rijiya ta yi zartsi, wannan kam tun da otal ya fara zuƙar ruwa yana cika tafkin wanka ne, alhali ga teku a gabansu. Ta ce hanyar da mata ke bi su sauka bakin ruwa an toshe ta da katanga, yanzu sai sun yi zagaye da kaya a ka. Ta ce yarinyar da ta karye 'yar mutane ce, uwarta tana can wata ƙasa hankalinta a tashe, kuma dutsen da ba mai shi bai kamata ya karya ƙafar kowa ba. Kafin ta gama, babu mutum ɗaya a wurin da ba ta taka ba. Sheha yana kallon sama, Bwana Renzo yana kallon takalminsa.

Bi Rukia ta cire gilashinta. "Bi Mkubwa, tun safe sai yanzu na ji abin da zan iya rubutawa. To ta yaya za mu bambance ramin da ke da rai da wanda ya mutu?"

"Wannan ai ba wuya. A tona. Wanda aka samu ɓawo a ciki yana da mai shi, a bar shi, a kafa masa doguwar sanda yadda masu lema za su gani. Wanda ba komai a kwashe."

"In wasu suka je suka cusa ɓawo kafin mu dawo fa?"

"Ba za su ruɗe ki ba. Wanda ya kwana biyu ja ne, ba ya wari. Wanda ya yi watanni baƙi ne, tun daga nesa hancinki zai gaya miki. Baƙin kawai za ki ƙirga."

A nan ne na tuna raminta ba komai a ciki. Na ɗago na kalle ta. Ta san abin da ta faɗa sarai, ba mantuwa ba ce.

Aka sa rana, kwana huɗu, lokacin da ruwa zai yi babbar janyewa, kuma aka ce Mama ce za ta tantance ramukan. A hanyar gida ban bari mun kai ƙofa ba.

"Mama, kin san raminki ba komai a ciki?"

"Ni na tone shi, ya zan ƙi sani?"

"To me ya kai ki? Wa ya matsa miki ki ce baƙi kawai? Da kin tsaya a 'a tona' ai da na cika miki shi gobe!"

"Da kowa ma ya cika nasa. Da Sheha ya sa an cika arba'in da ukun, matar nan ta dawo ta ga an mai da ita sakarya, ta ce a kwashe duka. Sai Bi Tatu ta ci me?"

"Bi Tatu! Bi Tatu ce ta haife ni? Ramin Bibi Mwatima fa, Mama! Ke kowa sai kin yi masa adalci, har da mai lema, har da akuyar Mwalimu, ke kaɗai ce ba ki da rabo?"

"Rage murya, ana jin ki."

"A ji ni ɗin!"

Ta buɗe ƙofa ta shiga ta hura wuta ta ɗora rogo, kamar ba da ita nake ba.

Duk da haka washegari na nemi hutu, na hau motar farko zuwa gonar surukaina. Na zaɓi ɓawo da hannuna, manya masu kauri, na cika buhu biyu, na sha faɗa da yaron mota a kan kuɗin kaya, na iso da la'asar jikina duk ƙaiƙayi. Na ce mata mu binne, mu shafa masa baƙin laka, mu roƙi Miza ta ba mu ruɓaɓɓe kaɗan mu ɗora a sama. Mama ta zura hannu a buhu ta juya ɓawo ɗaya, ta mayar.

"Kai su bayan ɗaki, kar rana ta buge su."

"Ba za mu binne ba?"

"Ni za a ba sanda in nuna na gaskiya da na ƙarya, Semeni. In fara da nawa?"

A kwanakin nan ba wanda ya leƙo gidanmu. Matan gari sun ce ta sayar da su, a otal kuma abokan aikina suna ce mini uwarki ta kwance mana zani a kasuwa. Ni ce a tsakiya, ko'ina na juya harara.

Ranar tono gari duka ya sauka cikin teku, har da baƙi da na'urorin ɗaukar hoto. Ma'aikatan otal biyu suna ɗaga duwatsu suna haƙa, Mama tana gaba da sandarta, Bi Rukia tana biye da takalmanta a hannu. Wani ramin tun kafin a kai ƙasa wari zai bugo, baƙi su toshe hanci, mata su rangaɗa guɗa, a kafa sanda. Wani a haƙa har gwiwa ba komai sai yashi, a shafa wa dutsen jan fenti, alamar za a kwashe shi. An samu uku da aka cusa wa sabon ɓawo, jajaye kamar yanzu aka fasa su. Mama ta ce, "Na shekaranjiya ne," ta wuce, ba ta kalli masu su ba. Na Bi Tatu ya tsira, na Miza ya tsira. Goma sha ɗaya aka kafa wa sanda.

Na Mama ne kusan na ƙarshe. Da aka ɗaga dutsen mai huda sai mutane suka matso, don kowa ya san na wa ne. Aka haƙa. Yashi fari tas.

Bi Rukia ta dubi takardarta ta dubi Mama. "Wannan na wa ne?"

"Nawa ne."

"Naki? Ya aka yi ba komai?"

"Na tone na yi wa otal igiya, ban samu ɓawon mayarwa ba."

Bwana Renzo ya yi ja har kunnuwansa. Ya matso ya ce shi dai a bar wannan, otal ba ya so a taɓa shi. Sheha ma, da ya kwana huɗu ba ya amsa gaisuwarta, ya ce ai kowa ya san ramin Bi Kazija yana da rai. Na ce alhamdulillahi a zuciyata, yau dai Allah ya kawo mafita, in dai za ta yi shiru na minti ɗaya.

"Matan can uku da na ce nasu sabo ne," in ji Mama, "su ma suna da dalili. In za a bar nawa don an san ni, a bar nasu."

Bi Rukia ta sake duban takardarta. Da ganinta hanya take nema mata. "To bari in tambaya haka, Bi Mkubwa. Ramin yana da gaba? Akwai wadda za ta ci gaba da shi? In akwai, zan rubuta hutawa yake yi, kuma zan yi wa waɗancan ukun tambaya iri ɗaya."

"Gwiwoyina ba za su kai wata shida suna saukowa nan ba. Wannan aikin otal shi ne na ƙarshe da na iya."

"'Ya fa?"

Ban jira ba. Na kutsa gaba, da rigar otal a jikina, ruwa har ƙauri. "Ni ce 'yarta. Ni zan ci gaba. Ɓawo ma yana gida, buhu biyu."

Bi Rukia ta ɗaga alƙalami. Saura ta rubuta. Sai ta yi kuskuren da kowa ke yi, ta juya ta tambayi Mama, "Haka ne?"

Mama ta kalle ni. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Yarinyar kirki ce, 'yata. Ita ke saya mini magani, ba ta taɓa barina da yunwa ba. Ɓawon ma gaskiya ne, ta kawo. Amma rabonta da kulki shekara talatin, kuma kwana shida take aiki a mako. Don ni ta faɗa, ba don ramin ba. In kin rubuta, baɗi war haka dutse ne kawai a cikin ruwa yana jiran ƙafar wani."

Na buɗe baki in ƙaryata ta. Ni da aka yi wa shaidar baki tun ranar neman aure, na laluba maganarta ban samu ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Aka shafa jan fenti.

Cikin matan nan uku, ɗaya jikarta ta tsaya mata, aka kafa wa nata sanda. Sha biyu ke nan. Kwamiti ya kuma rubuta a buɗe ƙofa a katanga saboda mata, an buɗe, ko da yake sai da aka yi wata biyar ana ja. Maganar rijiya har yau ana kai da kawowa. A dakalin gahawa Mwalimu yana cewa Bi Kazija ta ba da ramuka talatin da ɗaya, Faki yana cewa ta hana otal sakewa da sha biyu, kuma a karon farko tun da na san su sun yarda da juna a kan abu ɗaya, wai tsohuwar ba ta da daɗin sha'ani.

Dutsen mai huda kaɗai ta ce a bar mata. Simai ya ɗauko shi a baro, yana nan a ƙofar ɗakinta, a kansa take zama ta yi alwala. Ni kuwa kullum sai na ratsa ta rumfar cin abinci da kwandon wanki, in ga baƙi sun jingina da ginshiƙan nan suna shafa igiyar suna cewa ta yi kyau.

Na yi wata guda ba na yi mata doguwar magana. Ina kai mata abinci, ina ɗiga mata magani a ido, in tashi. Ran nan na shiga na tarar ta jawo buhunan nan biyu daga bayan ɗaki, Bi Tatu za ta aiko a ɗauka ta zuba a nata ramin. Tana fito da ɓawon ɗaya bayan ɗaya tana shafawa da tafin hannu, don idon ba ya gani sosai yanzu. Abin ya taso mini.

"Mama, tsakaninki da Allah, ko sau ɗaya ba ki yi da-na-sani ba?"

"Kullum da asuba in na ji ruwa ya janye sai ƙafata ta nemi hanya," ta ce. "Uwata ce a wurin, Semeni. Kina tsammani dutse ce ni?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta miƙo mini wani ɓawo mai kauri, ta matse hannuna a kansa.

"Taɓa ki ji. Wannan zarensa zai yi tsawo. Duk buhun haka yake, ba na banza ko ɗaya. Ashe kin iya zaɓe, ban taɓa sani ba."

Na jira, don na san uwata, na san akwai sauran rabin.

"Makara kawai kika yi," ta ce, ta ɗaure bakin buhun.